Katin Dijatu a Aljihun Alhaji

Kwana biyu bayan zaɓen shugaban ƙasa Alhaji Maigandi ya tattara katunan zaɓen matan gidansa. A gabana aka yi, na shiga aron rariya. Katangarmu ɗaya da su a unguwar Gawon Nama da ke Sakkwato, kuma ni malamar firamare ce, don haka duk takardar da ta gagari matan gidan ni ake ƙwala wa kira ta kan katanga. Ya tsaya a bakin zaure, hula a ƙeya, ya ce jam'iyya za ta raba wa mata kekunan ɗinki da injinan markaɗe kafin zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha, ana son lambar katin kowa a sa a jeri. Kafin ya rufe baki matarsa Hajiya Adawiyya ta miƙa nata. Matan 'ya'yansa biyu suka miƙa, 'yan matan da suka isa zaɓe suka miƙa, ya haɗa ya ɗaure da roba.

Inna Dijatu ce ta rage. Matar ƙanensa ce, marigayi Malam Siddiƙu, shekara tara da rasuwarsa tana nan a ɗakin da ya bar ta, can ƙurya kusa da madafi.

"Alhaji, ni ban iya ɗinki ba," in ji ta.

"Markaɗe hwa? Kawo dai, Dijatu. Gobe-gobe za a maido maki abinki."

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito sai da ta kwance leda biyu kafin katin ya bayyana, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya cusa shi cikin sauran, ya jefa a aljihun gaba na babbar rigarsa.

Kowa a unguwar ya san abin da ke tsakanin Alhaji da Junaidu, ɗan Inna Dijatu. Junaidu tela ne, shagonsa na Arkilla, can yake haya da iyalinsa. A wannan shekarar ya fito takarar majalisar jiha a wata ƙaramar jam'iyya mai alamar tulu, wadda ko ofishin kirki ba ta da shi. Ba wanda ya yi zaton zai ci, shi kansa bai yi zato ba. Cewa yake yana son a saba da ganin fuskar talaka a jikin bango. Shi kuwa Alhaji dillalin filaye ne, kuma shi ke riƙe wa babbar jam'iyya akwatin zaɓen da ke makarantarmu, taku kaɗan daga ƙofar gidansa. Abokan siyasarsa sun sa shi a gaba da tsiya, wai mutumin da ya kasa tanƙwara ɗan ƙanensa ina zai iya riƙe unguwa. Ya kira Junaidu ya ce ya janye, Junaidu ya durƙusa ya ba da haƙuri ya ƙi. Daga ranar Alhaji ya hana shi shiga gidan sai bayan zaɓe, ya kuma rantse a majalisarsu cewa tulu ba zai ga ƙuri'a ko guda ba a akwatinsa.

Junaidu ɗan fari ne. Inna Dijatu kuwa irin matan da ne, masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na Arkilla". In ya zo gaishe ta takan juya gefe ta amsa a taƙaice, in ana yabonsa ta tashi ta ba mutane wuri. An ce ko yana jariri ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, sai ya yi ta kuka har wata ta miƙa mata shi. Mu 'yan yanzu muna yi wa abin dariya, ita kuwa a kansa ta tsufa.

Amma ni na san abin da sauran ba su sani ba. Wata guda kafin a tattara katunan ta shigo wurina da hantsi, lokacin da ta tabbata maigidana ya fita. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi yara, ta tambayi tsadar gero, sannan ta sunkuyar da kai.

"Malama Fauziyya, wai wane zane na na wancan na Arkilla?"

Na nuna mata tulun a wayata. Ta ƙura masa ido kamar za ta haddace. Na zana mata gidaje a takarda irin na ƙuri'a, na jiƙa bula a murfin kwalba, ta yi ta dangwala babban yatsanta har ta iya sa shi tsakiya ba tare da ya taɓa layi ba. Sau goma sha ta gwada.

"In na shiga wurin nan, ba mai gani na?" ta tambaya.

"Ba mai ganinki, Inna, sai Allah."

Ta yi murmushi, ta goge yatsan a gefen zane. A nan na gane. Shekara talatin da huɗu ba ta da inda za ta tsaya wa ɗanta ba a ce ta yi rashin kunya ba, sai ga hukuma ta kafa wani ɗan lungu da ba mai leƙe. Ba kujerar majalisa take nema masa ba. So take idan aka ƙirga akwatin ƙofar gidan ubansa a ce tulu ƙuri'a guda, shi kuma ya san ta wace ce, ba tare da ta buɗe baki ba.

Goben da Alhaji ya ce ta zo ta wuce. A rana ta uku ta same shi a zaure bayan la'asar, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Alhaji, katin nan."

"Shina ga Illo, suna ɗaukar lamba."

Illo shi ne sakataren jam'iyya na unguwa, mutum ne da bai taɓa rasa amsa ba kuma bai taɓa kasancewa inda aka ce yana nan ba. Bayan kwana huɗu aka ce ya tafi Wamakko da jakar. Bayan wasu kwana biyu aka ce ya dawo amma makullin akwatin da ya ajiye katunan na hannun wani. Keken ɗinki dai ko ƙararsa ba a ji ba a Gawon Nama, kuma ba wadda ta sake tambaya, sai ita.

Ranar da ta koma karo na huɗu ta yi rashin sa'a, zauren cike yake da baƙi. Ta so ta juya, Alhaji ya tsayar da ita.

"Wai ke mi ag gaugawarki, Dijatu? Gobe na zaɓen?" Ya juya ga mutanensa yana dariya. "Ku ji mani. Ɗan hwari na hwa. Uwayenmu ko sunan ɗan hwari ba su kamawa, ita ko so taka yi ta tahi gaban jama'a ta dangwala mai yatsa. Kunya dai ta ƙare ga duniya."

Mazan suka yi dariya, wasu don abin ya ba su dariya, wasu don shayin Alhaji suke sha. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Ya san inda zai taɓa ta, ya kuwa taɓa. Da zagi ya yi mata da ta fi samun sauƙi.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda aka ce hukunci ne. Tana ajiye ƙwaryar fura a zaure masu wucewa su saya, da ita take samun na sabulu da na magani. Aka ce zaure ya zama wurin taron jam'iyya, a ɗauke ƙwarya. Wayar wutar da ta shiga ɗakinta ta lalace, ita kaɗai a duk gidan, ga zafin Sakkwato ya fara kankama, fanka ta tsaya. Aka ce mai gyara na zuwa. Matan 'ya'yan Alhaji, waɗanda ita ta yi musu wankan jego, suka koma gaishe ta daga nesa, don ba mai son a gan ta a ɗakin ƙurya. Girki kuwa ba a ɗauke mata ba. Ita ke tuƙa tuwon mutum ashirin kamar kullum, ta kwashe, ta zauna da nata a gaba har ya huce.

Na je na sami Hajiya Adawiyya, don mace ce mai sauƙin kai, ba ta da mugunta. Tana tsinken zogale ta saurare ni har na gama.

"Malama, ƙuri'a guda mi za ta yi? Za ta kai Junaidu majalisa? Alhaji na ka ciyar da ita shekara tara, bai taɓa gori ba. Yanzu don abu guda da yan nema sai ta tada hankalin gida? Ni kaina ban san wa nika zaɓe ba, inda anka nuna mani nika sawa, kuma ga ni lahiya lau."

"Hajiya, katinta na. Hotonta na a kai."

"To wa yac ce ba nata na ba? Ajiya ta anka yi mata."

Na yi wa maigidana magana ko zai sa baki, ya ce shi ba ya shiga sha'anin gidan mutane, kuma in tuna filin da muke zaune a kai ta hannun Alhaji aka saya. Na bar maganar a nan. Ni ma ɗin ba jaruma ba ce, gara in faɗa tun yanzu.

Saura kwana takwas zaɓe na ce za ni raka ta awon jini, don kanta ya matsa mata da ciwo. Muka yi awon, jinin ya hau sosai, daga nan muka tari keke mai ƙafa uku zuwa ofishin hukumar zaɓe. Wani ma'aikaci mai furfura a gemu ya ba mu benci, ya saurare mu da haƙuri duk da hayaniyar da ke kansa.

"Hajiya, katin ɓacewa yay yi ko lalacewa?"

"Bai ɓace ba. Na san inda shike."

Ya dube ni, ya dube ta. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Neman sabon kati an rufe shi tun watanni, doka ta ce sai da sauran kwana casa'in kafin zaɓe. Ko da ba a rufe ba, sai ta bayyana cewa ɓacewa ya yi ko lalacewa.

"Ba ni hwaɗin ƙarya da girmana," in ji ta.

"To saura hanya guda. Riƙe katin wani laihi na babba, har ɗauri aka yi a kai. Ki tahi wurin 'yan sanda ki ba da sunan wanda yar riƙe, za su karɓo maki."

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Wan mijina na."

Mutumin ya ajiye bironsa. Ya ce tun da aka shiga watan nan ba ranar da ba ya ganin irinta, kuma har yau bai ga wadda ta ba da suna ba. Ya raka mu har bakin ƙofa yana ba ta haƙuri, alhali ba shi ya yi mata laifi ba.

A hanyar dawowa keken ya bi ta Arkilla, ta gaban shagon Junaidu. Yana ciki ya duƙufa a kan keken ɗinki, hotonsa da tulunsa manne a ƙofa, rana ta fara cinye launin. Na ce mu tsaya, ta riƙe mini hannu da ƙarfi ta kau da kai. Sai da muka wuce na ga ta waiga ta ƙarƙashin mayafi.

"Inna, ki bari in hwaɗa mai," na ce. "Shi kaɗai ka iya karɓo katin ga."

"A'a. Kin san zuciyatai. Zuwa za ya yi shi ɗaga ma baffanai murya, ko shi kai shi ga hukuma. Sai a ce ni na haɗa ɗa da wan ubanai. Kuma ba a raba gadon gidan ga ba, Malama. Ɗakin da nika kwana shi kaɗai na shaidar ubanai na da rabo. Ran da anka ce in hita, shi ke nan."

"To in yat tambaye ki?"

"Ba ya tambaya ta. Ba mu irin wagga magana da shi."

Gaskiya ta faɗa. Yakan kira ƙaramar wayarta duk bayan kwana biyu, ina jin ta ta kan katanga. Lafiya lau, gida lafiya, Allah shi yi albarka. Ko minti guda ba sa cikawa.

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓe, Alhaji ya dawo daga masallaci ya shimfiɗa darduma a tsakar gida. Ya ciro ƙunshin katuna yana kiran suna ɗaya-ɗaya, kowace ya haɗa mata da turmin atamfa da sabulu, ya tuna mata alamar da za ta nema. Roba ta rage fayau a hannunsa. Inna Dijatu na tsugune a bakin madafi.

"Af, naki ya maƙale ga Illo," in ji shi. "Ki yi haƙuri, Dijatu, wani zaɓen na nan tahe. Ga atamhwarki dai, ba a hana ki ba."

Ta karɓa ta yi godiya. Wannan godiyar ta fi komai tsaya mini a rai.

An ɗauke ni aikin wucin gadi a zaɓen, aka tura ni rumfar makarantarmu, ni ke riƙe da rajistar masu zaɓe. Ni kaina ba ni da ƙuri'a a nan, rajistata na can cikin gari a unguwar iyayena, kuma mutum ba ya zaɓe sai inda ya yi rajista. Tun kafin ƙarfe tara layi biyu suka miƙe, na maza a rana, na mata a inuwar dogon yaro. Alhaji na zaune a kan benci da katin wakilin jam'iyya rataye a wuya. Jam'iyyar tulu ba ta turo wakili ba, ba ta da mutanen da za ta baza ko'ina.

Wajen sha ɗaya da rabi na ɗaga kai na gan ta a gabana. Ashe tun safe take cikin layi, ta sa mayafinta na zuwa biki. Ta sunkuyo kan tebur har ina jin numfashinta.

"Malama, duba mani ko sunana na nan."

Na buɗe shafin. Ga sunanta, ga lambarta, ga ɗan hotonta tana zare ido kamar an tsorata ta.

"Ga ni nan kuwa," ta ce a hankali. "To ga huskata, ga yatsana. Ku sa na'urar ta duba, in ba ni ta ba ku kore ni."

Na san amsar, an nanata mana ita a wurin horo har ta gundure mu. Duk da haka na tashi na sami shugaban rumfar, wani ɗan bautar ƙasa mai ladabi, na yi masa bayani a kunne. Ya girgiza kai da tausayi. Ba kati, ba tantancewa, ba ƙuri'a. In ya yi wa mutum guda, ya ce, sai ya yi wa kowa, kuma a soke akwatin gaba ɗaya. Bai yi ƙarya ba, ba shi da laifi. Na dawo na zauna, na kasa kallon ta.

"Ba ya yiwuwa, Inna."

"To," in ji ta. "Sannu da aiki."

Don kada matan layi su gane an mayar da ita, sai ta bi ta bayan aji inda aka kafa wurin dangwalawa, ta ɗan tsaya, ta fita ta ƙaramar ƙofa kamar kowa. Duk wanda ya gan ta ya ɗauka ta yi zaɓe. Ban da matan gidan, mutum uku ne kaɗai muka san ba ta yi ba, ni da shugaban rumfar, na ukun yana kan benci yana jan carbi. Na ji kunyar kaina a ranar, na ji haushin littafin da ke gabana.

Bayan la'asar aka juye akwati a kan tebur, aka ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, jama'a na ƙirgawa da baki tare da shugaban rumfa. Manyan jam'iyyu biyu suka kwashe kusan duka. Aka shiga kiran ƙanana, wannan biyu, wannan guda. Da aka zo kan tulu shugaban rumfar ya ɗaga hannu wayam ya ce babu. Sai ga Illo, wanda aka yi sati uku ana nema, ya ɓullo daga cikin taro.

"Ko uwatai ba ta ba shi ba," ya faɗa da ƙarfi. "Ga ta ko mun gane ta ga layi tun da sahe."

Wuri ya kaure da dariya. Alhaji ya ɗaga hannu wai a bari, yana murmushi, ya ce Dijatu mace ce mai biyayya, ta san gidan da ya riƙe ta. Ni na riƙe takardar sakamakon aka manna ta a bango. Matasa suka yi ta ɗaukar hotonta, kafin mu gama haɗa kaya ta zaga wayoyin unguwa, an zagaye sifilin da jan layi, an rubuta maganar Illo a ƙasa.

Washegari na shiga wurinta. Ba ta tambaye ni sakamako ba, dariyar ta iske ta har ɗaki. Na ce yanzu kam dole a gaya masa. Ta kama hannuna ta ce in yi mata alkawari don girman Allah ba zan faɗa ba, zaɓe ya wuce, kada a tada wata fitinar a kan abin da ba ya dawowa. Na yi mata alkawarin. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Sharuɗɗan zaɓe na haddace su kamar karatun allo. Mutum ya kai shekara goma sha takwas, ya zama ɗan ƙasa, yana zaune a wurin ko yana aiki a can ko asalinsa can ne, ya yi rajista, ya zo da katinsa da kansa. Inna Dijatu ta cika kowanne. Shekararta hamsin da bakwai, arba'in daga ciki a wannan lungun ta yi su, ta yi layin rajista, ta yi layin karɓar kati. Abin da ba a koya mana a wurin horo ba shi ne akwai wani sharaɗin da ke zaune a zaure, yana cin tuwon da ta tuƙa. Ana ta kafa na'ura don kada wani ya yi zaɓe da sunan wani, hakan kuwa ya yi kyau. Amma wanda zai hana ki zaɓe ba sai ya je rumfa ba, aljihu kawai yake buƙata, da sanin abin da kike jin kunya. Kuma ba ya kiran abin da ya yi sata. Ajiya yake cewa, ko tarbiyya, ko rufin asirin gida, mu kuma maƙwabta mu ce ba ruwanmu. Na gaji da jin waɗannan kalmomin.

A ranar Lahadin nan da yamma katin ya dawo. Alhaji da kansa ya leƙa ƙofar ɗakinta ya miƙa mata, ya ce ga abinta tun da ta dami mutane, Illo ya gano shi a ƙasan jaka. Mai gyaran wuta ma ya zo, fanka ta tashi. Aka ce ƙwaryar fura na iya komawa zaure. Ta ɗora katin a kan murfin kwalla kusa da gado, ba ta ko mayar da shi cikin leda ba.

Ranar Litinin da hantsi Junaidu ya zo, takunkumi ya tashi. Ina ɗakin, na kawo mata maganin hawan jini. Sai da ya fara tsayawa a zaure ya gaida baffansa, muna jin Alhaji na yi masa nasiha da murya mai taushi, siyasa ba gaba ba ce, jini ya fi jam'iyya. Sannan ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya rame, muryarsa ta dishe. Ta juya gefe kamar yadda ta saba.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau. Ya gajiya?"

"Alhamdu lillahi. Na samu ƙuri'a ɗari huɗu da 'yan kai. Mahi yawa mutanen da ban ko sani ba."

"Madalla."

Na ga idonsa ya sauka a kan murfin kwalla. Ya miƙa hannu ya ɗauki katin, ya duba hoton, ya juya bayansa, ya daɗe yana kallo. Ina jin a ransa ya zo da wata 'yar fata, ko ta ɓatar da shi, ko ba ta da lafiya, ko ƙarya aka yi da aka ce an gan ta a layi. Ga kati lafiya lau a ɗakinta. Bakina ya cika da magana, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, na haɗiye.

Ya mayar da katin inda yake, ya daidaita shi da yatsa.

"Inna, na ga abin da aka yawo da shi ga waya. Kada shi dame ki. Wallahi ban riƙe ki ba. Na san gidan da kika zaune, na san tuwon wa kika ci. Ni dai da na ɗauka ko guda za ni samu nan." Ya yi ɗan murmushi. "Ba komi. Ki yahe mani in na sa ki cikin wahala."

Na ga yatsunta sun damƙe gefen katifa. Daga zaure Alhaji ya yi gyaran murya.

"To," in ji ta. "Allah shi yi albarka."

Ya ce amin, ya miƙe, ya sa takalmansa ya fita. Ba ta bi shi da kallo ba, sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace ta sake numfashi. Shekara talatin da huɗu tana ɓoye son da take yi masa don kada mutane su gani, ranar nan shi ma ya yarda babu shi.